Tambaya da Amsa: An dakatar da lasisina, ba ni da inshora, kuma 'yan sanda sun tsare ni a hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina cikin damuwa ne sosai. An dakatar min da lasisin tuƙi na wata shida saboda makin laifi da ake rubuta wa direba a lasisi ya taru min na gudun wuce ƙa'ida, to da na ga haka sai na daina biyan kuɗin inshora tunda a ganina ajiye motar zan yi. Amma wajen aikina da nisa kuma fitar asuba nake, bas ba ya zuwa a wannan lokacin, sai na riƙa ɗaukar motar ina lallaɓawa a hankali. Ranar nan 'yan sanda suka tsare ni, wallahi ban yi laifin komai a hanya ba, suka ɗauke motar suka ba ni takardar zuwa kotu. Wani abokina ya ce kar ma in je, tara ce kawai za su aiko in biya shikenan. Shin gaskiya ne? Ko ɗaure ni za a yi? Daga S.A.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, ka rabu da shawarar abokin nan naka, ka je kotu ranar da aka rubuta maka, ka riga alƙali zuwa ma. Wanda aka aika wa sammaci ya ƙi zuwa, ko dai a yanke masa hukunci a bayan idonsa ba tare da an ji ta bakinsa ba, ko kuma alƙali ya ba da takardar a kamo shi, ka ga ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kuma daga yau kar ka sake kama sitiyarin kowace mota, ko ta aro ce ko ta wajen aiki, har sai an gama da maganar nan.

Laifi biyu ne a kanka, kowanne da nasa hukuncin, kuma kotu ba ta kallonsu da ido ɗaya. Rashin inshora a wurare da yawa magana ce ta tara da maki da ƙwace mota. Shi kuwa tuƙi bayan an dakatar da mutum, nan ne wutar take, domin alƙali ba ya ɗaukarsa kamar wanda ya manta takardarsa a gida, yana ɗaukarsa wanda hukuma ta ce masa kada ka yi, ya ji da kunnensa, ya fita ya yi. Shi ya sa ɗauri yake shigowa cikin lissafi ko da ba ka taka ko kaza ba.

Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha, amma in ka jera su za ka ga bakinsu ɗaya. A Ingila, sashe na 103 na dokar hanya ta 1988 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida ga wanda ya yi tuƙi alhali an haramta masa, ga tarar da ba ta da iyaka, kuma galibi sai an ƙara masa wa'adin haramcin. Rashin inshora a can, in a gefen hanya aka ƙare maganar, fam 300 ne da maki 6, in kuwa ta kai kotu to tarar ba ta da rufi, maki 6 zuwa 8, ko a haramta wa mutum tuƙin gaba ɗaya. A jihar Kalifoniya ta Amurka, karon farko na tuƙi da lasisin da aka dakatar galibi tararsa daga dala 300 zuwa 1,000 ce, ko ɗaurin da ya kai wata shida, ko duka biyun, in kuwa dalilin dakatarwar tuƙi ne cikin maye to akwai kwana 10 na dole a gidan yari, alƙali ko yana son ka ba zai iya ɗauke maka su ba. A lardin Ontariyo na Kanada abin ya fi ɗaga hankali ta ɓangaren kuɗi, mafi ƙarancin tarar rashin inshora a karon farko dala 5,000 ce ta Kanada, tana iya kaiwa 25,000, shi kuma tuƙi cikin dakatarwa daga 1,000 zuwa 5,000 da yiwuwar ɗaurin wata shida, sannan a ƙara wa mutum wani wata shidan na dakatarwa a kan wanda yake ciki. Jamus kuwa ɗaurin yana iya kaiwa shekara guda.

To za a ɗaure ka? Abin da aka fi gani shi ne, wanda wannan ne karonsa na farko, bai yi hatsari ba, bai sha komai ba, bai gudu ba da aka tsare shi, bai ba da sunan ƙarya ba, yakan fita da tara mai nauyi, ƙarin wa'adi, wani lokacin da aikin al'umma na wasu awowi. Waɗanda suka fi shiga ciki su ne masu maimaitawa da waɗanda aka kama kwana kaɗan bayan an yanke musu hukuncin. Amma ƙofar ɗaurin a buɗe take a doka, don haka ka nemi lauya a inda kake tun yanzu, in ba ka da hali ka tambayi ofishin kotun ko akwai lauyan kyauta, wurare da yawa akwai. Ka tafi da takardar shaidar aikinka, da ta albashi, da duk abin da zai nuna su wa kake ciyarwa. Kuma in ka san ka yi, amsa laifi da wuri yana rage hukunci, a Ingila har kashi ɗaya cikin uku ake ragewa ga wanda ya amsa tun zaman farko. Amma ka bari lauyan ya duba takardun kafin ka buɗe baki.

Ka ce ba ka yi laifin komai a hanya ba amma aka tsare ka. Ai yanzu ba sai ka yi ba. A ƙasashen da suka haɗa bayanansu a kwamfuta, motar 'yan sanda tana da kyamara mai karanta lambar duk motar da ta gifta, tana haɗawa da rumbun bayanan inshora da na lasisi, kafin ka wuce su da taku goma na'urar ta yi ƙara. Lallaɓawa a hankali ba ta ɓoye lambar mota. Daga nan kuma ka san sauran tunda ka gani da idonka, janwe ya zo, a ce ka kwashe kayanka, kana tsaye a bakin titi da jakar aikinka da kujerar yaro a hannu ana ɗaure motarka da sarƙa. Kuɗin janwen kai za ka biya, kuɗin ajiya kullum yana hawa, kuma ba za a sakar maka ita ba sai an ga inshora mai rai da direba mai lasisi mai rai. A Kalifoniya suna iya riƙe ta kwana 30 cur. A Ingila in mutum ya yi sanya kusan mako biyu bai je ya karɓa ba ana iya sayar da ita ko a murƙushe ta. Don haka maganar motar ma ka bi ta da sauri, ka lissafa ko kuɗin fito da ita bai wuce darajarta ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma don Allah ka karanta wannan wajen da kyau. Kai tara da ɗauri kake tsoro, ni kuwa abin da nake gode wa Allah a kai shi ne 'yan sanda ne suka tsare ka, ba hatsari ba. Inshorar dole ba don motarka aka yi ta ba, don mutumin da za ka iya bugewa aka yi ta, wanda bai san ka ba, bai ci maka ba bai sha maka ba. Tun 1927 jihar Masachuset ta wajabta ta, Birtaniya ta biyo baya da dokar 1930, dalili kuwa ɗaya ne, an gaji da ganin mutane sun nakasa ko an bar marayu, a je wajen direba a tarar ba shi da ko sisi. Ka ɗauka da asubar nan da kake fita, gari bai waye ba, ga barci a idonka, wani ma'aikaci irinka ya tsallako titi ka ɗauke shi, lakarsa ta taɓu, ya koma keken guragu. Kuɗin asibiti, kuɗin mai jinya, albashin da zai rasa har ƙarshen rayuwarsa, gyaran gidansa don keken ya shiga, duk wannan kamfanin inshora ne ya kamata ya ɗauka. Babu inshora, to a wuyanka yake. Kotu za ta yanke maka diyyar, a riƙa yankar albashinka wata bayan wata, a ɗora hannu a kan abin da ka mallaka, kuma irin wannan bashin yana iya bin mutum shekaru masu yawa. Ko da wata hukuma ko kamfanin inshorar wancan ɓangaren ya biya shi, ba ka tsira ba, domin suna da ikon juyowa kanka su nemi kuɗinsu. Wannan ba a ma zo maganar rai ba, in mutuwa aka yi, kasancewarka cikin dakatarwa kaɗai yana mayar da shari'ar wata iri daban mai hukunci mai tsanani.

Na fahimci matsin da kake ciki, aiki ne, bakin yara ne, ba yawon banza ka fita ba, kuma ba na ɗaukarka mutumin banza. Amma wannan uzurin lokacin kawo shi shi ne kafin a dakatar da kai. A Ingila wanda makinsa ya kai 12 cikin shekara uku yana iya roƙon kotu kada ta haramta masa tuƙi in ya nuna hakan zai jawo wahala ta musamman, misali wasu da suka dogara da shi za su tagayyara. A jihohi da yawa na Amurka akwai lasisi mai sharaɗi, daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa gida, ko kai mara lafiya asibiti. Ka tambayi lauyanka ko har yanzu akwai irin wannan ƙofar gare ka. In babu, to ka zauna da mai gidanka a wajen aiki ka faɗa masa gaskiya a canza maka lokaci, ko ka haɗa kuɗin mai da abokin aiki ya riƙa biyo maka.

Bayan an gama shari'ar ma akwai jela. Kamfanonin inshora za su riƙa ganinka a matsayin mai haɗari, kuɗinka zai tashi sosai na wasu shekaru, wasu ma su ƙi ka. A Ingila alamar waɗannan laifuka biyu tana zama a bayanan lasisi shekara huɗu. A yawancin jihohin Amurka sai kamfaninka ya aika wa hukuma wata takarda da ake kira SR-22 mai shaida cewa kana da inshora, galibi na shekara uku, in ka fasa biya za su sanar da hukumar, a sake dakatar da kai. In kuma kai baƙo ne a ƙasar da kake, ka sani fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambayar hukuncin kotu, kuma ɓoyewa ta fi laifin kansa illa. Ka gaya wa lauyan matsayin takardunka tun zaman farko.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanin mijina ne yake zaune da mu, na san an karɓe masa lasisi amma kullum sai ya ce Anti ba ni makulli in je in dawo yanzu, ni kuma ina jin nauyin hana shi kar a ce na raina dangin miji. Motar da sunana take kuma inshorata lafiya lau. Akwai abin da zai shafe ni? Daga Maman H.

AMSA: Akwai Hajiya, kuma babba. Inshorarki lafiya lau take in ke ce a sitiyari ko wani da takardar ta amince da shi mai lasisi mai rai, da zarar wanda aka dakatar ya hau, to a mafi yawan yarjejeniyoyi kin karya sharaɗi. In ya yi ɓarna kamfanin zai iya ƙin gyara motarki, in kuma doka ta tilasta musu biyan wanda aka buge, suna iya dawowa su nemi kuɗin a wajenki ke da shi. Ban da wannan, ba shi makullin kansa laifi ne. A Ingila wanda ya ba da izini a tuƙa motarsa ba inshora hukuncinsa daidai yake da na direban, maki 6 zuwa 8 a kan lasisinki ke da kike zaune a gida. A Jamus mai motar da ya bar mara lasisi ya tuƙa shi ma yana fuskantar tara ko ɗauri. A Amurka kuma wanda aka ji wa rauni yana iya maka ki a kotu kai tsaye cewa kin damƙa mota a hannun wanda kika san bai cancanta ba. Kuma kin san ɗin, ga shi kin rubuta da hannunki.

Wasu in abin ya faru sai su ce ai ban ba shi ba, ɗauka ya yi. To wannan maganar tana nufin kin ce ya ɗauki mota ba da izini ba, wani sabon laifi ke nan a kansa, ki duba yadda zaman gidan zai kasance ranar. Ki samu maigidan ki faɗa masa cikin natsuwa, ki nuna masa wannan amsar in kina so, shi ya yi wa ƙaninsa magana, nauyinsa ne. Makullin kuma ya bar kan tebur ya koma jakarki.

TAMBAYA: Ni fa ban ma san an dakatar da ni ba sai da ɗan sanda ya gaya min. Na tashi daga tsohon gidana, ashe can suka riƙa aika wasiƙu kan wata tara da ban biya ba. Wannan ba zai wanke ni ba? Daga I.M.

AMSA: Yana iya sassauta maka, amma kar ka ɗora rai cewa zai wanke ka tas. Sanar da hukuma sabon adireshi aikin direba ne, kuma a wurare da yawa in sun aika wasiƙa adireshin da ke rubuce a wajensu doka tana ɗauka ka sani, Kalifoniya ma haka ta rubuta a dokarta. Wasu wuraren sun raba, wanda ya sani laifinsa na kotun hukunta laifuka ne, wanda bai sani ba tara ce kawai. Sai dai a nan akwai wani rami da mutane ke faɗawa. Biyan sabuwar tarar ta tuƙi cikin dakatarwa yana nufin ka amsa laifin, yana shiga bayananka. A jihar Fulorida wanda ya tara irin waɗannan manyan laifukan hanya uku cikin shekara biyar ana sa shi cikin masu maimaita laifi a ƙwace lasisinsa shekara biyar, in aka sake kama shi yana tuƙi kuma maganar ta zama babban laifi mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar. Don haka kar ka yi saurin biyan sabuwar tarar don ka huta. Ka fara zuwa ofishin lasisi ka karɓi cikakken bayanin abin da ake bin ka, ka biya tsohuwar tarar ko ka nemi a raba maka ita kashi-kashi, ka gyara adireshin, ka biya kuɗin maido da lasisi, sannan ka shiga kotu da rasit ɗinka da takardar hayar sabon gida mai nuna ranar da ka tashi. Alƙalai suna sauƙaƙa wa wanda ya zo ya riga ya gyara.

Kuma ga kowa ma, ƙarewar wa'adi ba ta nufin lasisi ya dawo da kansa. A Ingila wanda aka haramta wa tuƙi kwana 56 ko fiye sai ya nemi sabo kafin ya hau titi. Sai ka ga tabbaci a rubuce tukuna.

TAMBAYA: In na je wata jiha ko wata ƙasa na yi sabon lasisi, ko na yi amfani da na ƙasa da ƙasa fa? Daga B.K.

AMSA: Ba mafita ba ce. Abin da aka dakatar shi ne ikonka na tuƙi a wannan wurin, ba katin roba ba, ko lasisi nawa ne a aljihunka. Na ƙasa da ƙasa kuwa fassarar lasisinka na asali ne kawai, ba ya tsayawa shi kaɗai. A Amurka akwai rajistar direbobi ta ƙasa da jihohi ke dubawa kafin su ba kowa lasisi, Birtaniya da Ayalan kuma suna da yarjejeniyar mutunta haramcin juna. In ka yi ƙarya a fom ka samu, ka ƙara wa kanka wani laifin, kuma duk inshorar da ka saya a kan wannan ƙaryar kamfani zai iya soke ta ranar da ka fi buƙatarta.

TAMBAYA: Malam ni aka buga, ƙafata ta karye, sai aka gano direban ba shi da inshora kuma lasisinsa a dakace yake. Mutumin ko abin kansa ba shi da shi. Shikenan na yi asara? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ce. Ba ki yi asara ba tukuna. Ƙasashe da yawa sun san irin wannan tana faruwa, sun yi mata tanadi. A Birtaniya akwai hukumar MIB da aka kafa tun 1946, kamfanonin inshora ne ke zuba mata kuɗi, aikinta biyan diyya ga waɗanda direba mara inshora ko wanda ya buge ya gudu ya ji wa rauni, daga baya ita ta bi direban. Ƙasashen Tarayyar Turai kowacce tana da irin wannan asusun. A Amurka kuma ki duba takardar inshorar motarki ko ta wani da kuke gida ɗaya, sau da yawa akwai ɓangaren da ke biyan wanda direba mara inshora ya buge, kuma yakan yi aiki ko a ƙafa kike lokacin da abin ya faru.

Abin da zai taimake ki shi ne takardu. Rahoton 'yan sanda da lambarsa, lambar motar, sunayen waɗanda suka gani, hotunan wurin da na raunin, duk takardar asibiti da rasit na magani da na motar da ke kai ki, da shaidar kwanakin da ba ki je aiki ba. Kar ki sa hannu a kan kowace takardar sulhu da direban ko danginsa suka kawo kafin lauya ya gani, ko sun zo da kuka da ban haƙuri, domin kina iya rufe wa kanki ƙofar diyyar da hannunki tun likita bai gama sanin yadda ƙafar za ta warke ba. Kuma neman diyya yana da wa'adi, a Ingila shekara uku ne ga rauni, a wasu jihohin Amurka shekara biyu, akwai ma masu shekara ɗaya, don haka ki sa wani naki ya kira lauya cikin makon nan ko kina kwance.